Waliyyin Gonar Alkama

Malerkotla,
Janairu, 1997.

Zuwa ga Gwaggona Barkat Bibi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwarsa, da fatan takardar nan za ta ƙetare iyaka ta same ki a Sahiwal cikin ƙoshin lafiya, ke da Yaya Anwar da yaransa. Yaya idon? Kina ɗiga maganin kuwa, ko kin sake tura kwalbar ƙarƙashin katifa? Mu nan lafiya lau, sai sanyi. Abba yana gaishe ki, tarin ya yi sauƙi.

Gwaggo, safiyar Alhamis da ta wuce na tsaya a inda kika ce maƙabartar ƙauyenku Nurewal take. Abin da idona ya gani alkama ce.

Na bi kwatancenki tiryan-tiryan. Tafkin yana nan, bauna kwance a ciki sai hanci. Rijiyar masaƙa an rufe bakinta da siminti. Na juya hannun dama, sai gona kore shar har inda hazo ya yanke ta. Babu tudu, babu alama. Na zauna a kan kunya da jakar kyamara a cinya, ina tunanin yadda zan rubuto miki wannan labari.

A cikin mota na sake karanta wasiƙarki. Kin san Abba ba ya zancen nan, a wurinki na fara jin yadda abin ya kasance: Kaka Jannat ta rasu wurin haihuwarsa, aka kawo jaririn nan Malerkotla wurin ƙanwarta ta shayar da shi, kafin ya yi wayo aka raba ƙasar gida biyu, ku kuka ƙetare sabuwar iyaka da Kaka Imam Din, shi ya zauna. Na yi dariya a wurin da kika ce Kaka ya ba da jakin da yake kai tukwane kasuwa aka sassaƙa masa dutsen kabarin matarsa, ke kuma kika yi ta kukan jakin. Amma wurin da kika ce ki dai sani, ko kabarin uwarki yana nan a bayan ƙasa ko an nome shi, tun kafin idonki ya rufe, nan ban yi dariya ba. Na ɗauko wa mutanen Lahore da na Ingila hotunan kaburburan iyayensu ba iyaka, ban taɓa jin nauyin aiki kamar wannan ba.

Ina nan zaune hazo ya fara yayewa. Can tsakiyar gonar sai ga magarya guda, ƙarƙashinta wani abu fari fat da koren mayafi a kai, da siririn hayaƙi yana tashi. Na bi kunya na nufi wurin. Kafin in isa na ji murya.

"Kai mai jaka! Cire takalmi, gaban Baba kake."

Wata tsohuwa ce mai bin addinin Sik, a durƙushe tana zuba mai a fitilar yumɓu. Nihal Kaur sunanta, amma duk ƙauyen Bebe suke ce mata. Na cire takalmi, ta miƙo mini ɓallin mazarƙwaila, ta ce rabon Baba ne. Na ce wane Baba? Ta dube ni sama da ƙasa. "Baba dai. Waliyyi ne za a tsare da tambayar suna kamar ɗan makaranta?"

Gwaggo, kabari ne. Guda ɗaya tal da ya rage, kuma da dutse a wajen kai.

Ta ce su daga wajen Sialkot suka zo shekarar Rabuwa, aka ba su wannan fili. Surukinta, uban mijinta, ya sa garma ya daidaita wurin, da ya zo nan shanu suka toge, duka da lallashi suka ƙi gaba. Ya ajiye bulala ya ce akwai mutumin Allah a nan. Tun daga ranar kowace Alhamis ana kunna fitila, kowace shekara kafin girbi ana shafe kabarin da farar ƙasa. Da ta ɗaga mayafin ta kakkaɓe sai na ga abin da shafen shekara hamsin ya yi. Dutsen ya yi sumul kamar an juye masa kwanon kindirmo. Ko ɗigon rubutu babu.

Na ce ko za ta bari in ɗan kankare gefe da wuƙa. Ba don na yi saurin ja da baya ba, da sandarta ta sauka a gwiwata.

To ga inda muke. Ban ce nata ba ne, ban ce ba nata ba ne. Kada ki sa rai da yawa, kada kuma ki cire. Zan koma.

Ki gaida kowa da kowa. In ma akwai mai buɗe wasiƙu a hanya, shi ma ina gaishe shi, ya yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na tsaya.

Ɗanki,
Dilshad.

Malerkotla,
Fabrairu, 1997.

Gwaggona,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan sanyi ya sassauta muku kamar yadda ya fara sassauta mana. Yaya ƙafa, yaya ido? Wasiƙarki ta iso, har da busasshen furen da kika ce in ajiye a kan kabarin. Yana cikin aljihuna, ban ajiye ba tukuna. Sai na tabbatar.

Yanzu na zama ɗan gida a Nurewal. Kowace Alhamis ina rufe shago in shiga motar farko, domin ranar kaɗai Bebe ke ɗaga mayafi, kuma ta kafa mini doka: ido ya kalla, hannu kada ya taɓa. Na gaya mata gaskiyar abin da nake nema. Ta ce, "Kakarka tana nan wani wuri cikin alkama, Ubangiji ya ba ta hutu. Wannan kam Baba ne." Sannan ta ja ni gida ta cika ni da gurasa da man shanu, tana faɗa wai mutanen birni ba sa ciyar da 'ya'yansu.

Hotunan farko da na wanke, kunya ce kawai. Farin allo. Na jera su a kan tebur ina kallo, sai wata mata ta shigo da 'yarta ɗaukar hoton neman aure, ita ma uwar ta ce a ɗauke ta amma kada tsufa ya fito. Na san maganin wannan: fitila a gaban fuska, sai ta yi sumul. In ka kai fitilar gefe, kowace tamoji sai ta fito ta gaishe ka. Ina jan fitilar nan sai hannuna ya tsaya. Gwaggo, dutse ma ai fuska ne. Farar ƙasa ta bi ramin rubutun ta kwanta, ba za ta cike shi daidai wa daida ba. Haske daga gefe nake buƙata, mai shafar dutsen kamar yadda reza ke bin kunci.

Sai na koma zuwa tun kafin rana ta fito. Alhamis biyu hazo ya cinye mini safiya, na zauna ina shan shayin Bebe ina kallon fari a gaba, fari a baya. Ta uku gari ya waye garau. Rana ta ɓullo ta bayan bututun masu gasa bulo, haske ya taɓa gefen dutsen, na ga wasu 'yan inuwoyi sirara a jere, layi bisa layi. Kafin in ɗaga kyamara jikin magaryar ya tare ranar, komai ya ɓace. Akwai rubutu, Gwaggo. Na gani. Karantawa ce ban samu ba.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Bebe tana da ɗa, Gurmel Singh, shi ke noman gonar. Ƙato ne mai fara'a, yana kirana "Mai Gadin Baba". Ranar nan ya kashe tarakta ya zo ya tsaya a kaina yana gyara rawani.

"Malam mai hoto, ka karanto mana da kyau. Shekara da shekaru tarakta tana kwana saboda Baba, ruwan ban-ruwa ma sai ya yi kwana. In waliyyi ne, mu ci gaba da zaman lafiya. In kuwa maginin tukwane ne ko matarsa, to bayan girbi zan miƙe layina."

Yana dariya ya faɗa, amma na kalli idonsa, idon bai yi dariya ba. Bebe ta ce masa ɗan banza, ya ce, "Bebe, ke kika ce Baba ne, mene ne abin tsoro?"

Kin ga inda na shiga. In na tattara kyamarata na dawo gida, kabarin zai zauna da fitilarsa da mayafinsa, amma ke ba za ki taɓa sanin ko nata ba ne. In na karanta a gabansu ya zama nata, ƙila ni da hannuna na miƙa wa garma abin da ya tsira shekara hamsin. Ɓoye musu kuwa ba zan iya ba, na ci gurasarsu. Ga shi ana shirin sabon shafe kafin girbi, in ya hau, 'yar inuwar da na gani ma ƙila ta tafi.

Na kai wa Abba maganar. Yana cin abinci, bai ɗago ba. Ya ce matar da ta shayar da shi tana maƙabartar Malerkotla, nan yake zuwa. Da ya wanke hannu sai ya ce, "Ita waccan, da wace fuska zan tsaya a kanta?" Ban taɓa sanin abin da yake ɗauke da shi ke nan ba.

Uwarki ce, Gwaggo. Ke za ki yanke. Ki ba ni amsa da wuri.

Ina roƙon addu'arki. A shafa mini kan yara.

Ɗanki,
Dilshad.

Malerkotla,
Ƙarshen Maris, 1997.

Gwaggona abar ƙauna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk wanda ke ƙarƙashin rufinki. Yaya jiki? Kafin ki ci gaba, ki sa a kawo miki ruwa, ki zauna a kan gado, ki kira Yaya Anwar ya karanta a hankali. Kada kowa ya buɗe ƙaramin ambulan ɗin sai an gama.

Amsarki ta zo, gajeriya kamar yadda na zata: uwarki ba za ta kwanta da sunan wani ba, in karanta, sauran na Allah ne. Na ce to.

Matsalata magaryar nan ce mai tare rana. Tunda ba zan matsar da itace ba, sai in matsar da rana. A bakin tashar Nurewal akwai mai aski, Bansi Lal, yana da wani madubi a bango kusan tsayin ƙofa. Na yi aski a wurinsa har kaina ya fara ƙaiƙayi kafin in buɗe baki. Ya ce madubin tun na ubansa ne, ba ya fita sai da shi, kuma ba ya hawa keke. Ki san wa ya ɗauko shi? Gurmel, a bayan tarakta, an naɗe shi da bargo kamar amarya. Ya ce gara a yi ta ta ƙare.

Asubar Alhamis ɗin da muka tsayar na fito da jakata, sai na tarar da Abba a bakin ƙofa, ya sa farar rigarsa ta Juma'a da hula. Ya biyo ni tasha. A mota ya zauna gefen taga har muka isa.

Alkama ta fara ja. Gari garau. Bebe ta kunna fitilarta, ta ɗaga mayafi. Na tsayar da Bansi da Gurmel can cikin gona inda rana ke faɗuwa sosai, kowa riƙe da gefe guda. Hasken ya fara yawo, ya hau ganye, ya shiga idon Bebe ta yi musu tas, ya faɗa ƙasa. Ina cewa ku sunkuyar, Gurmel na cewa, "Kai, hannuna fa ba na aro ba ne!" Bansi, mai kiransa Sardar kamar yadda ake kiran mazan Sik, na cewa, "Sardar, in ka fasa, kai da zuriyarka a tafki za ku riƙa duba fuska." Na ce su taho gefe kaɗan. Kaɗan kuma. Sai hasken ya kwanta a jikin dutsen.

Gwaggo, ban san yadda zan faɗa miki ba. Farin allon nan da na yi wata biyu ina kallo, sai ga rubutu ya taso a kansa, baƙi-baƙi, kamar yanzu mai sassaƙa ya ajiye guduma. Bisimilla a sama. Fure a kowane gefe. Layi huɗu a ƙasa.

Na ce kada wanda ya motsa. Ban karanta ba, na hana idona. Na san in na karanta zan manta da kyamara. Na durƙusa na ɗauka, na matsa na ɗauka, na canja buɗin ido na sake ɗauka, suna ta ihu a kaina, "Me ya ce? Mene ne sunan Baba?" domin duk ƙauyen babu mai karanta irin rubutunmu. Sai da fim ya ƙare na sauke kyamara.

Kafin in buɗe baki na ji muryar Abba a bayana. Ashe ya matso.

"Jannat Bibi," ya ce. "Matar Imam Din maginin tukwane. Ta rasu cikin watan Ramadan."

Nata ne, Gwaggo. Kabarin uwarki yana nan a bayan ƙasa. Duk maƙabartar Nurewal shi kaɗai ya rage, kuma babu Alhamis ɗin da ya kwana ba fitila.

Ni kuwa murna ta zo mini tare da tsoro, na juya ina kallon Gurmel. Ya jingine madubin a jikin Bansi, ya taho yana karkaɗe hannu. "To Bebe, kin ji da kunnenki. Matar maginin tukwane."

Bebe ba ta ko kalle shi ba. Abba take kallo. "Kai ne ɗanta?" Ya ce shi ne. "Me ya kashe ta?" Abba ya sunkuyar da kai ya ce, "Haihuwata."

Sai tsohuwar nan ta zauna daɓas a ƙasa, ta ture mayafinta baya, ta dafa kabarin da hannu biyu, ta fashe da wata irin dariya mai haɗe da kuka.

"Mace! Ashe mace ce! Shekara hamsin ina rufe fuska a gabanki, ina zaɓen magana, abin da ba a faɗa wa namiji in haɗiye in koma da shi gida. Haba 'yar'uwa, ba kya ko yi mini tari in gane?"

Ta juya ga Abba ta ce, "Kai kuma daina sunkuyar da kai kamar ɓarawo. Wace uwa ce aka ba ta zaɓi tsakaninta da ɗanta ta zaɓi kanta? Matso ta gan ka, ka yi furfura." Abba ya matso. Abin da ya yi a nan ba zan rubuta ba, kin san ƙaninki, ba zai so ba.

Daga nan ta kira Gurmel da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba. Ta ce a hanyar gudu daga Sialkot, cikin ayarin amalanke, ta haifi 'yarta ta fari. Jaririyar ba ta kwana ba. Suka tona gefen hanya kusa da wata magudanar ruwa suka rufe ta, ayari bai tsaya ba. "Kana da yaya a can, Gurmel. Ban san ko an nome ta ba. Kullum ina cewa ƙila wani ya kauce mata da garma. To je ka miƙe layinka, in gani."

Ƙaton nan ya tsaya yana kallon ƙafafunsa. Bai taɓa ji ba. Can ya share hanci da bayan hannu, ya zagaya kabarin yana auna ƙasa da ƙafa, ya tsaya a kusurwar da tarakta ta ɗan gutsura.

"Nan sai an sa bulo," ya ce. "Zagaye gaba ɗaya, har gwiwa. Dama tarakta ta saba da kwanar, in na miƙe ta ma ruɗewa za ta yi."

Bansi ya ce, "Sardar, ƙura ce ta shiga idonka ko in kawo madubi ka duba?" Gurmel ya ce zai aske masa gashin baki da lauje.

Bebe ta yanke cewa bana za a shafe jikin kabarin kamar kullum, amma fuskar dutsen an bar ta ke nan, ruwan sama ya wanke ta a hankali har sunan ya fito da kansa. Fitila kuwa ta ce babu fashi. Na ce mata mu wurin Allah muke roƙo, mamaci addu'a yake buƙata. Ta ce, "Ku yi mata addu'arku, ni hira zan riƙa zuwa." Muka tsaya ni da Abba muka yi wa Kaka addu'a, su kuma suka tsaya a bayanmu har muka shafa. Sannan na ciro furenki daga aljihu na ajiye shi a kan kabarin.

Yanzu a buɗe ambulan. Hoto uku ne. Na farko kabarin da magaryar daga nesa. Na biyu dutsen, na wanke shi babba domin idonki. Ki kai shi bakin taga, sunan yana layi na biyu, ki bi shi da yatsa. Na uku Abba ne da Bebe a gefen kabarin. Kada ki ce ya rame, haka ya tsufa.

Ki gaida mutan gida, babba da yaro. Abba ya ce zai rubuto miki da hannunsa, ki ba shi lokaci.

Na san Yaya Anwar zai ce masu hoto suna iya dasa wa mai sanƙo gashi, balle rubutu a farin dutse. To ya ji, ba ni kaɗai na gani ba. Nihal Kaur ta gani. Ɗanta Gurmel Singh ya gani, shi ya riƙe gefen madubi. Bansi Lal mai aski ya gani. Wani mai kai madara tasha ya jingine kekensa ya tsaya har aka gama, sunansa Karnail. Sai kuma ƙaninki Ramzan, ɗan Jannat Bibi, wanda ya karanta sunan uwarsa da bakinsa, sau biyu, na biyun a wurin nan da na ce ba zan rubuta ba.

Ɗanki,
Dilshad.